Tafintan Farfesa

Ta sauka Jos da akwati ɗaya da tari,
Farfesa Gerlinde Rautenkamp,
sunan da ya ƙi zama a bakin direbobin Farin Gada,
sai suka datse shi, suka ce Mama Linda.
Ni jami'a ta ba ta tafinta.

A hanyar Bukuru ta ba ni tarihinta
gutsure-gutsure, kamar mai raba ƙuli-ƙuli:
uba mahaƙin kwal, huhunsa ya koma gawayi,
ita ce ta fari a zuriyarsu da ta taka jami'a.
Digiri na uku a kan ƙungiyoyin ƙwadago,
sai shekara goma sha ɗaya tana koyarwa da kwantiragi,
gari bakwai, ɗakin haya bakwai,
littattafanta na kwana cikin kwali.
Kujerar farfesa tare da furfura suka iso.
"Shafi dubu na rubuta a kan leburori," in ji ta,
"ranar ƙaddamarwa ko ɗayansu bai zo ba."

Abin da take nazari suna gare shi mai nauyi.
Na ce dimokuraɗiyyar jin daɗin jama'a,
na ji kamar tallan ɗan takara.
Na ce gurguzu, ta girgiza kai.
Na ce jari-hujja mai kunya,
ta yi dariya har tarin ya taso.

Muka sami Baba Chollom bakin kududdufin kuza,
ruwa kore, shiru, babu ko kwaɗo.
Nan ya bar ƙuruciyarsa da yatsu biyu.
Ta buɗe rikoda, ta jero tambayoyi:
fansho, asibiti, haƙƙin yajin aiki.
Na juya masa su ɗaya bayan ɗaya.
Ya gama shan gwatensa tukuna.

"Gaya mata," ya ce, "wannan ai gayya ce.
Yau gonata, gobe taka,
gurgu ma a ba shi tulun ruwa ya riƙe.
Sai dai in gwamnati ce uwar adashe,
wa zai kama ta ran da ta gudu da zubi?"

Alƙalaminta ya tsaya.
Shekara arba'in, ta ce mini daga baya,
tana zagaya wannan tambayar
kamar akuya a turke.

Da dare a masaukin baƙi na Naraguta,
sanyin Filato na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa,
ta nuna mini jadawalin ƙuri'u:
layin jam'iyyar ubanta yana gangarowa
kamar mota mara birki a kwanar Hawan Kibo.
Na ce, to me ya sa ba ki sake fanni ba?
Ta ce, likita ba ya barin ɗaki
don majinyaci ya rame.

Wata huɗu ta yi.
Ta koyi "sannu da aiki", ta riƙa yi wa kowa,
har da mai barci a kan benci.

Bana littafin ya iso, na ƙarshe kafin ritaya,
mu kuma muna wata na biyar ba albashi,
ƙofar tsangaya da kwaɗo.
Ba na jin Jamusanci.
Na bi layukan da yatsa kamar mai tsintar acca
har shafi na ɗari biyu da sha huɗu,
can ƙasa, cikin ƙananan haruffa:
gayya, adashe, Chollom, Bukuru,
da sunana, Tanimu, ba a ɓata ko wasali ba.

Na hau acaɓa na kai masa.
Aka ce ya rasu tun damina.
Jikarsa Kachollom ta karɓa, ta juya shi,
ta tambaye ni nawa ake sayarwa.
Na faɗa mata da kuɗinmu.
Ta ce, "Buhun taki biyu ke nan."
Ta sa shi a kan kwanon rufi, ta danne da dutse,
ta koma cikin dankalinta.